Injiniya da Mace-macen Mai Gashin Baki

Ranar Asabar, goma sha huɗu ga watan Yuli, shekarar 2001, gari ya waye da yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sosai amma yana hana shi fita da sabon takalmi. Injiniya yana shagonsa, ya cusa kai cikin bayan wata tsohuwar talabijin, sai rediyo ya sanar da rasuwar wani ɗan wasa. Mai karanta labarai ya faɗi sunan mamacin, babu wanda ya ɗaga kai a layin. Sai da ya ƙara da cewa shi ne mai kaurin gashin bakin nan da ke fitowa a mai gadi, ko direba, ko masinja, sannan shaguna suka ɗauki salati daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Kowa ya san fuskar, ba wanda ya san sunan. Mutumin ya fito a finafinai da wasannin talabijin da ba su ƙirguwa, amma bai taɓa daɗewa a allo ba. Zai buɗe ƙofa, ya ce an yi baƙo, ya ɓace. Ko ya kawo shayi. Ko kuma a harbe shi tun masu kallo ba su gama gyara zama ba.

Injiniya ya zaro kansa da sauri har ƙeyarsa ta bugi katakon talabijin. Ba wata makaranta ce ta ba shi wannan suna ba, shi ya rubuta abinsa a allon shago, ya ja layi biyu a ƙasa.

"Aminina!" ya ce, ya dafe ƙirji. "Wayyo aminina ya tafi ya bar ni!"

Mai Aski, wanda shagonsa ke manne da nasa, ya leƙo da almakashi a hannu. "Wane irin amini ne aka faɗi sunansa ba ka motsa ba?"

"Mu ba da wannan sunan muke kiransa ba. Akwai wanda muke kiran juna tsakaninmu."

"Wanne?"

"Sirri ne. Ka taɓa yin amini kuwa?"

Tela ya tsayar da kekensa ya matso. Shekara da shekaru Injiniya yana ba su labarin wannan abota. Wani lokaci a tashar mota suka haɗu, wani lokaci a asibiti, akwai ma ranar da ya ce shi ya tsamo mutumin daga kogi. Ranar nan kuwa, da ya ga idanu sun yo kansa, sai ya ƙara gishiri.

"Kun ga yadda yake mutuwa a fim? Ni na koya masa. Kafin ya haɗu da ni, in an harbe shi zama yake yi a hankali kamar mai jiran mota. Na ce masa, a'a mutumina, ka dafe nan, ka juya sau ɗaya, ka kalli sama kamar ka tuna ka bar tukunya a wuta, sannan ka zube."

"To ka yi masa wani abu mana," in ji Mai Aski. "Aminci ai ba a baki ya tsaya ba."

"Zan yi abin da gidan talabijin bai yi ba. Zan tattara duk mace-macensa na fim, in haɗa su a kaset ɗaya, in haska a babban allo. Duk layin nan sai ya yi kuka."

"Kukan dai za a yi," in ji Tela. "Dalilinsa ne ba mu sani ba tukuna."

Kafin rana ta take, Injiniya ya bi gida-gida yana aron kaset. Ya ce kallo kawai zai yi ya dawo da su. Bai yi ƙarya a kan kallon ba. Sai dai duk inda ya ga gashin baki ya dafe ƙirji, sai ya kwance kaset, ya jawo zaren, ya datse da almakashin matarsa, ya liƙa da salatif a jikin na baya. Bai tsaya a kan buɗe ƙofa da kawo shayi ba. Waɗannan, a cewarsa, ko yaron goye zai iya.

Matarsa ta same shi zaune a tsakiyar falo, baƙin zare ya naɗe masa ƙafafu har gwiwa.

"Baban yara, kaset ɗin mutane kake yankawa?"

"Tiyata nake yi musu."

"Ina zanin gadona fari?"

"Ya samu ɗaukaka. Allo zai zama."

"Ina madubin karatun Inna, mai ƙara girman rubutu?"

"Shi ne idon majigin. Ke dai ki zuba ido, Maman yara. Wata rana za ki ce ke ce matata, a ba ki kujera."

"Yanzu ma ina faɗa," ta ce. "Haƙuri ake ba ni."

Majigin kuwa kwalin firiji ne. Ya saka talabijin a ciki, ya huda rami a gaba, ya manna madubin surukarsa a bakin ramin. Ya ce haka manyan ƙasashe suka fara. Hoton mamacin ma shi ya zana da kansa, domin ba shi da ko ɗaya, duk da amincin. Ya tsayar da fim daidai inda aka soki mutumin da mashi, ya kwaikwayi fuskar a jikin faifan katako da ragowar fentin ƙofa. Fentin kore ne. Da aka jingina shi a bakin shago, wata mata da ta zo wucewa ta tsallaka ɗaya gefen titi.

Ana saura 'yan kwanaki a haska kaset ɗin, Mai Aski ya shigo yana murmushi irin na wanda ya tsinci abu.

"Injiniya, albishirinka. Ƙanwar matata tana aiki a asibiti ɗaya da 'yar marigayi, a garin da ke gaba. Nas ce. Na aika mata cewa babban aminin mahaifinta ya shirya taro. Ta ce ko da rarrafe za ta zo."

Sukurun da ke hannun Injiniya ya faɗi, ya gangara ƙarƙashin tebur.

"Ka kyauta," ya ce. Ya duƙa neman sukurun. "Sai dai tana ƙarama sosai lokacin. Ba lallai ta gane ni ba."

"Kai za ka gane ta ai."

"Yara suna canzawa."

"Ta ce ba su da kaset ɗinsa ko ɗaya a gida. Kai kaɗai take sa rai."

A nan ya kamata mai hankali ya kwanta ciwon ciki. Injiniya ya yi tunanin haka har ya gwada murtuke fuska a madubin Mai Aski. Amma sai ya hango kansa tsaye gaban jama'a, 'yar marigayi tana share hawaye tana cewa Baba na gode, Mai Aski kuma ya rasa inda zai sa idonsa. Wa zai ƙaryata shi? Mai ƙaryatawar yana ƙasa. Ya je ya ba da kwat ɗinsa guga.

An yi taron da la'asar a garejin bakaniken layin. Aka tura motoci waje, aka jera bencina, aka toshe tagogi da barguna domin duhu ya samu. Duhun ya samu, iska ta tafi. Mutane suka cika maƙil, kowa yana fifita da abin da ya samu, masu kaset kuma sun zo da ledojinsu don su karɓi kayansu bayan an tashi.

Wata ƙaramar mota ta tsaya. Nas ta fito, doguwar mace mai natsuwa, da jaka a kafaɗa. Bayanta wani tsoho ya fito daga wajen tuƙi, mai sanƙo, fuskarsa a aske tas, yana ɗan jan ƙafar dama.

Injiniya ya buɗe hannuwa. "'Yata! Kin girma! Rabona da ke kina wannan tsayin."

Ta gaishe shi da ladabi, tana kallonsa kamar mai neman wani abu a aljihun tebur. "Baba, ka yi haƙuri, ban tuna ka ba."

"Ina za ki tuna? Kullum na zo kina barci."

Ta juya za ta gabatar da tsohon, amma Injiniya ya riga ta. "Direba, sannu da hanya. Zo ka riƙe mana gefen zanin nan, ƙusa ɗaya ta ƙi zama."

"Baba, ai wannan..."

"Bar shi, 'yata," in ji tsohon, idanunsa suna ƙyalli. "Na daɗe ban samu aiki a fim ba." Ya je ya kama gefen zani. Da idonsa ya faɗa kan koren hoton, sai ya yi tari mai tsawo, har sai da aka miƙa masa ruwa.

Injiniya ya hau benci. Ya yi jawabi a kan tasha, da asibiti, da kogi, ya haɗe su duka suka zama rana ɗaya. Ya ce marigayi ba ya sanya hannu a takardar fim sai ya tambaye shi. Ya ce akwai daraktan da ya taɓa roƙonsa shi ma ya fito, ya ƙi, don kada ya rufe amininsa.

"A kunna!" wani ya yi ihu daga baya. "Mun dahu!"

Aka kunna. Haske ya fito ta madubin surukar, ya sauka a zanin gado. Ga Mai Gashin Baki nan cikin kakin ɗan sanda, amma kansa a ƙasa, ƙafafunsa a sama. Bindiga ta tashi, ya dafe ƙirji, ya juya, ya faɗa rufin gareji.

"Allahu akbar," in ji Mai Aski. "Mutumin kirki. Kai tsaye sama ya wuce."

Gareji ya ɗauki dariya. Injiniya ya ce wannan gwaji ne. Aka buɗe kwali, Tela da bakanike suka kifa talabijin a kan kanta, suka tsaya riƙe da ita tana ƙona musu yatsu. Hoto ya miƙe.

Daga nan mace-mace suka fara zuba. Aka harbe shi yana mai gadi. Kafin ya gama faɗuwa, salatif ya wuce, ga shi direba, mota ta faɗa rami. Ga shi kuku, ya ɗanɗana abincin maigida, ya zazzaro ido. Ga shi masinja, tukunyar fure ta faɗo masa daga bene. Aka soke shi, aka tura shi rijiya, maciji ya sare shi, aka sake harbinsa da bindigar ɗazu. Babu gaisuwa, babu labari, mutum dai yana tashi ana kashe shi. Yara suka fara tafi duk lokacin da ya zube. Matar Injiniya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Can sai hoton ya yi tsalle. Maimakon gashin baki, sai ga Tela da kansa a allo, cikin babbar riga, yana barci a taron makarantar 'yarsa, baki buɗe, ƙuda yana zagayawa.

"Kai!" Tela ya yi ƙara daga bayan kwali. "Wannan kaset ɗina ne! Yaya aka yi na shiga?"

"Na ɗauka gawa ce," in ji Injiniya. "Ka yi kyau a wurin."

"Yaya aka yi ya shiga?" wata mata ta tambaya. "Ba dai yanka mana kaset ka yi ba?"

Ledoji suka fara motsi. Injiniya ya ga gara ya karkatar da hankalin jama'a, ya juya wajen baƙuwa. Tana zaune a bencin gaba, ta toshe baki da hankici, kafaɗunta suna rawa. Zuciyarsa ta yi fari. Ga hawayen da ya yi alkawari.

"Yi kuka, 'yata, yi kuka. Ni ma da na koya masa faɗuwar nan ban san za ta zama abin tunawa ba. Bari ku ga asalinta." Ya gyara tsayuwa a kan benci. "A dafe nan. A juya sau ɗaya. A kalli sama..."

Ya kalli sama. Bencin ya kalli gefe. Injiniya ya tafi da baya, ya cafki zanin gado don ya tsira, ƙusoshi suka fita ɗaya bayan ɗaya, ya zube cikin tsofaffin tayoyi, zani ya lulluɓe shi har kai. Hasken majigi ya ci gaba da zuba a kansa, Mai Gashin Baki yana mutuwa a daidai tumbinsa.

Nas ta cire hankici. Ashe ba kuka take yi ba. Dariya ce ta ci ƙarfinta har ta kasa numfashi.

"Baffa," ta ce wa tsohon, "don Allah ka faɗa musu, ni ba zan iya ba."

Injiniya ya leƙo daga ƙarƙashin zani. "Ya faɗa mana me? Direba me ya sani a harkar fim?"

"Baba," ta ce, tana share ido, "mahaifina bai taɓa mutuwa a fim ba. Ko sau ɗaya."

Idanu suka koma kanta. Har fifita aka daina.

"Farkon aurensu," ta ci gaba, "ya mutu a wani wasan talabijin, ba fim ba, tun ba a fara ɗauka a kaset ba. Mahaifiyata ta gani a talabijin ɗin maƙwabta, ta suma. Da ya dawo gida ta ce ya zaɓa, ko ita ko mutuwa. Tun daga ranar, duk inda aka rubuta zai mutu, wani ne yake mutuwar."

"Wa?" in ji Mai Aski, har yana ɗaga ƙafa don murna.

Tsohon ya sa hannu a aljihun rigarsa, ya fito da ƙaramin gwangwani. Ya buɗe, ya ɗauko wani baƙin abu mai kama da jelar kyanwa, ya lasa bayansa, ya manna a ƙarƙashin hanci. Ya ɗaga kai.

Wata tsohuwa ta yi salati ta nufi ƙofa. Yara suka haye bencina. Fuskar da ke rawa a tumbin Injiniya ita ce tsaye a gabansu, sai dai ta tsufa.

"Tsayinmu ɗaya da marigayi, hancinmu ɗaya," in ji tsohon. "Nasa gashin bakin na gaske ne, nawa na gwangwani. Shi zai buɗe ƙofa, ya kawo shayi, ya yi maganarsa. Da an zo wajen bindiga sai darakta ya ce a kira na faɗuwa. Ni ne na faɗuwa. Kun ga ƙafar nan? Rijiyar ɗazu ce." Ya dubi allon da ya koma tumbi. "Malam Injiniya, ka yi ƙoƙari. Ka bi fim ɗin mutum kaf, ka tsallake duk inda yake, ka tara ni. Ko uwata ba ta taɓa kallona da yawa haka ba."

"Ai... ai na sani," in ji Injiniya. "Marigayi ya gaya mini. Gwada ku nake yi."

"To wa ka koya wa faɗuwa?" in ji Mai Aski. "Wanda ba ya faɗuwa, ko wanda ka ba riƙon zani?"

"Ta hannun marigayi na aika masa."

"Saƙon bai iso ba," in ji tsohon. "Da ya iso da na mayar. Ba a faɗuwa da baya, Malam, sai in akwai katifa. Matsa in nuna maka."

Ya miƙa wa Nas gwangwanin. Ya dafe ƙirji, ya yi taku biyu, gwiwoyinsa suka saki, ya sulale a kan simintin gareji babu ko ƙara, hannu ɗaya ya miƙe, yatsun suka buɗe a hankali. Bai motsa ba har sai da Nas ta ce, "Baffa?" Sannan ya buɗe ido ɗaya ya ce a ɗaga shi, faɗuwar ce ya iya, tashin ya gagara.

Gareji ya kusa tsagewa da tafi. Tela ya manta da abin da yake riƙe, ya saki don ya tafa. Talabijin ta faɗa cikin kwali, ta yi wani irin nishi, hayaƙi ya fito ta madubin surukar. Aka yaye barguna, aka yi waje ana tari ana dariya, masu ledoji kuma suka tsaya a bakin ƙofa suna jiran Injiniya.

Nas ce ta cece shi. Ta ratsa su, ta durƙusa kusa da tayoyin.

"Baba, sauran kaset ɗin, inda ba ka yanka ba, suna nan?"

"Suna shago," ya ce a hankali. "Amma babu komai a ciki. Buɗe ƙofa ne kawai, da an yi baƙo."

"Shi nake so. Haka yake faɗa a gida ma, in na dawo daga makaranta." Ta rubuta masa adireshin asibitinsu a bayan wata takardar magani. "In ka haɗa, ka rubuto mini in zo. Amma don girman Allah kada ka sake taɓa almakashi."

Makonnin da suka biyo baya Injiniya bai zauna a bakin shago ba. Yana ciki yana liƙe kaset ɗin mutane ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da kowace mutuwa gidanta. Ba duka suka koma daidai ba. Akwai matar da ta dawo da nata tana cewa ana tsakiyar soyayya sai wani kuku ya ci guba. Da na'ura biyu ya kwafe buɗe ƙofofin a sabon kaset, matarsa tana zaune a gefe, almakashinta a cinya. Mai Aski kuma ya samu sabuwar gaisuwa. Kullum da safe sai ya leƙo, ya dafe ƙirji, ya kalli sama.

Wasiƙar ce ta fi ba shi wahala. Ta farko ta fara da "Ya ke 'yar aminina," matarsa ta yage. Ta biyu ta yi shafi huɗu, kogi ya sake fitowa a shafi na uku, ta yage. Ta gaba ta bayyana cewa da gangan ya shirya komai domin duniya ta san Baffa. Wannan sai da ta karanta wa Inna, suka yi dariya tare, sannan ta yage.

"To me zan rubuta?" ya ce. "Kin hana ni komai."

"Rubuta abin da ya faru."

"Ai ba shi da daɗi."

"Shi ya sa zai yi gajere."

Ya rubuta cewa kaset ya haɗu, mahaifinta yana ciki yana buɗe ƙofa, ba a yanka komai ba, ta zo ta karɓa, kuma ta yi haƙuri. Layi biyar. Ya dube su kamar an aske masa rabin kai.

Ta raka shi gidan waya da kanta, ambulan a hannunta, don kada wani abu ya ƙaru a hanya. Ita ta sayi kan sarki, ita ta manna. A bakin akwatin ne kawai ta miƙa masa, ya karɓa, ya juya baya kamar mai gyara hula, ya ɗan daɗe, sannan ya tura. Ambulan ta faɗa ciki da ƙaramin sauti.

Ta dubi hannunsa. Akwai biro.

"Baban yara, me ka rubuta a baya?"

"Sunan mai aikowa kawai."

"Me ka rubuta?"

Ya gyara kwat, ya kama hanya yana taku ɗai-ɗai.

"Daga Darakta," ya ce.